Biɗar dukiyar cikin ƙasa: abin da ya kamata a sani kafin a jinginar da gona don sayen na'ura

Da an gama girbi, an ɗaure gero an sa a rumbu, tambayoyin da ke shigo mana a nan gidan rediyo sukan sake kama. Na damina, maganar taki ce da tsutsa. Na rani kuwa, a ƴan shekarun nan, maganar zinariya ce. Wani ya kira daga wajen Tsarnawa ya ce ɗansa ya matsa a saida sa a saya mashi na'ura. Wata ta aiko da saƙon murya daga Abijan tana tambaya ko gaskiya ne akwai na'urar da ke hango zinariya daga nisan kilomita, don ƙanenta ya ce ta aiko da kuɗi. Wani dattijo kuma ya ce an zo da dare an haƙe masu kufai a bayan gari. Mun ga ya fi kyau mu tattara amsa wuri guda, mu rubuta ta a nan, yadda wanda ke Kwatano ko Sabha zai karanta, na gida kuma a karanta mashi.

Daga ina abin ya taso

Haƙar zinariya da hannu ba sabon abu ba ne a Nijar. A yankin Liptako na jihar Tillaberi ana yin ta tun wajen 1984, lokacin da fari ya kori mutane daga gonaki, kuma sunan Komabangu tun sannan ya shiga kunnen jama'a. Babbar mahaƙar Samira ta fara aiki a 2004. Amma duk wannan aikin rami ne da daka da wanki, kuma bai cika jan mutanenmu na Adar da Ƙonni ba, waɗanda hanyarsu ta cin rani ta fi karkata ga Najeriya, Kwaddibuwa, Kamaru da Libiya.

Na'ura ce ta sauya lissafi. Zazzaɓin ya faro daga Sudan, ya ƙetaro Cadi wajen 2013, sai ga shi a cikin watan Afrilu na 2014 labari ya fashe cewa ana tsintar zinariya a Jado, can arewa maso gabashin jihar Agadas. Kafin shekarar ta ƙare aka gano ta Cibarakaten, wadda aka fi sani da Tabarkat, dab da iyakar Aljeriya. A 2016 zazzaɓin ya isa Muritaniya. Abin da ya sa Jado ta haukata mutane shi ne zinariyarta a sama-sama take, dunƙule-dunƙule cikin yashi da tsakuwa, ba sai an nutsa rami mai zurfi ba. Mutum ya rataya na'ura, ya sa abin ji a kunne, ya yi ta share ƙasa da faifan kamar mai shara da tsintsiya, in ta yi kuka ya tona. Dubban mutane suka kwarara can, har da Sudanawa da Cadawa waɗanda suka riga kowa gane kan na'urar. A 2017 gwamnati ta rufe Jado, mutane suka watsu zuwa Tabarkat, duwatsun Ayar, Kuri Bugudi ta Cadi, wasu kuma suka ƙetara iyakokin da bai kamata su ƙetara ba, suka sha kamu.

Sai farashi ya ƙara zuba wa wutar mai. A 2014 awon da ake kira oza, wato kusan giram 31, yana wajen dalar Amurka 1,200 zuwa 1,300. A 2020 ya haura 2,000, a watan Maris na 2025 ya haura 3,000, a Oktoba na shekarar kuma ya taɓa 4,000. Saurayin da ke zaune a tashar Malbaza yana jin wannan a waya, yana kuma ganin buhun albasa ya faɗi a kasuwar Galmi, ba sai an yi mashi dogon wa'azi ba.

Ƴan daji da duniyarsu

Duk wanda ya zauna da waɗanda suka je suka dawo ya san sun zama jama'a guda mai harshenta da dokokinta. Akwai mai kuɗi, wanda ke sayen na'ura da mota da ruwa da abinci. Akwai mai kunne, wanda ya iya rarrabe kukan zinariya da kukan ƙusa, kuma shi ake ririta kamar ango. Akwai masu tono, mai dafa abinci, direba, da ɗan jagora wanda ya san hamada. Rabon abin da aka samu ya danganta ga yarjejeniya, amma kusan kullum sai an fara cire kuɗin da mai kuɗi ya kashe, sannan a raba saura, kuma kason na'ura da na mota daban yake da na mutane. A nan ne yaro ke yin wata huɗu cikin rana, a samu zinariya a gabanshi, ya dawo gida da abin da bai kai kuɗin motar komawa ba. Ba a cuce shi a lissafi ba, lissafin ne tun farko ba nashi ba.

Suna da zaurukansu na WhatsApp inda ake cinikin na'ura ta hannu, ana tambayar farashin giram a Agadas, ana sanar da sabon wuri, ana kuma cigiyar wanda aka daina jin ɗuriyarsa. A TikTok da Facebook kuwa hoton dunƙulen zinariya bisa tafin hannu ake nunawa. Mu dai ba mu taɓa ganin wanda ya ɗauki hoton kansa yana dawowa da jaka wayam ba. Wanda ya samu, gari duka ya sani: ginin siminti, sabon babur, aure cikin mako biyu. Wanda bai samu ba, ko dai ya shigo gari da dare, ko kunya ta sa ya zarce Libiya. Shi ya sa in aka zauna a dandali ana ƙirga waɗanda sunka yi arziki, lissafin ke fitowa da daɗi, don waɗanda ba su yi ba babu mai ƙirga su.

A gaskiya kuma, kada mu rage masu haƙƙi. Akwai gidaje a yankin nan da kuɗin daji ya fitar daga bashi, ya sayi injin ban ruwa, ya biya aikin asibiti. Akwai kuma zumunci na gaske a tsakaninsu, irin na waɗanda suka raba jarkar ruwa guda a inda babu inuwa. Wasu ma abin ya zame masu jini. Ko sun samu ko ba su samu ba, da sun ji kukan na'ura a waya sai zuciya ta tashi.

Abin da na'ura ke iyawa da wanda ba ta iyawa

Nan ne muke so a natsu, don nan kuɗin mutane ke ɓata. A cikin faifan da ake sharar ƙasa da shi akwai waya naɗaɗɗiya. Batir na tura lantarki cikinta, sai ta haifar da wani ƙarfi irin na maganaɗisu da ke ratsa ƙasa. In ƙarfin ya ci karo da ƙarfe, kowane iri, sai ƙarfen ya mayar da amsa, na'ura ta juya amsar ta zama sauti. Iyakar aikin ke nan. Ba ta san zinariya da suna ba. Gwangwanin tumatir, harsashi, ƙusa, guntun garma, duk suna sa ta kuka. Masu kyau suna ɗan taimakawa wajen rarrabewa, amma a ƙarshe sai an tona ake sani.

Zurfinta kuma kaɗan ne. Ƙwayar zinariya kamar ta gero, sai tana cikin ƴan santimita daga sama. Babban dunƙule ne kawai ake iya ji a zurfin da ya doshi mita guda, shi ma da na'ura ta ƙwarai a hannun gwani. Garin zinariya da ke warwatse cikin dutse, wanda sai an daka an wanke ake gani, yawanci na'ura ba ta jin shi sam.

Saboda haka duk wanda ya nuna maku wata aba mai eriya biyu da ke juyawa, ya ce tana nuna zinariya daga kilomita biyu ko zurfin gaba ashirin, ku riƙe kuɗinku. Babu irin wannan da aka gwada a fili ta ci jarrabawa. Hannun mai riƙe da ita ne ke juya ta, ko ya sani ko bai sani ba. Gwajin mai sauƙi ne: a binne zobe a ɗaya daga cikin ramuka goma ba tare da shi ya gani ba, wanda ya binne ya bar wurin, a ce ya nuna. A maimaita sau biyar.

Sannan akwai jabu. Na'urorin da suka yi suna a dajin Sudan da Jado, irin su GPX na kamfanin Minelab na Ostareliya, na gaskensu miliyoyin sefa ne, kuma tun farkon zazzaɓin aka cika kasuwa da kwaikwayonsu, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya. In an ce maka ga ta a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta don mai ita na cikin matsuwa, kai ne za ka shiga matsuwar.

Shin akwai zinariya a ƙasarmu ta Ƙonni, Malbaza da Illela?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma amsar ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Masana duwatsu sun nuna cewa zinariyar yankin nan na Afirka tana tare da tsofaffin duwatsu masu tauri, waɗanda farar jijiya ta ƙanƙarar dutse ke ratsawa. Irin su ne a Liptako, a Ayar, a kudancin Maraɗi bakin iyaka, da Zamfara. Mu kuwa a nan muna zaune bisa wani babban kwari da teku ya taɓa rufewa miliyoyin shekaru da suka wuce, ya bar laka da yashi da farin dutse shimfiɗa bisa shimfiɗa. Wanda ya taɓa tsintar dutse mai siffar katantanwa ko ƙwaryar kifi a kan tudun Adar ya riƙe shaidar a hannunsa. Tsofaffin duwatsun masu zinariya suna can ƙasa da nisa, inda ba na'ura ba, ko rijiya ba ta kai.

Abin da Allah ya ajiye mana daban ne: farin dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke ci tun shekarun 1960, da dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi da mata da yara ke tonowa ana kai mata, da dutsen takin zamani na wajen Tawa, da gawayin ƙasa na Salkadamna. Da kuma ruwan Maggiya da madatsun Mozage da Zango, waɗanda albasa da alkama ke sha.

Ga wani abin da ke ruɗa mutane. Tudunmu cike yake da marmara da baƙin dutse mai tama, kuma kakanninmu maƙeran Adar sun daɗe suna narka tama, sun bar tarin kashin maƙera a wurare da yawa. Duka waɗannan suna sa na'ura ihu. Sai a ce ta yi kuka a gonar wane, kafin azahar mutum ɗari sun taru da diga. Akwai kuma dutse mai ɗigo-ɗigon rawaya da ke walƙiya a rana. Gwada shi ba wuya: zinariya in an buga ta da guduma lanƙwashewa take ta baje, na ƙarya kuwa farfashewa yake ya zama gari.

Tukunyar kakanni

Masu na'urar da suka dawo gida ba su da Jado a kusa, sai hankalin wasu ya koma ga kufai, tsofaffin ganuwoyi da makabartun da aka manta. Kowane gari yana da labarinsa na tulun da aka binne, wanda aljani ko baƙin maciji ke gadi. Kuma labarin ba daga iska ya zo ba. Ƙasar nan ta ga yaƙe-yaƙe, ta ga watan Mayu na 1899 lokacin da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Mai gudun rai yakan binne abin da ba zai iya ɗauka ba, kuma ba kowa ya dawo ya tone ba.

Amma me aka binne? Dukiyar mutanen wancan zamani hatsi ce, da dabbobi, da tufafi, da kuɗin wuri. Tukunya cike da wuri a lokacin abin alfahari ce, yau ba za ta sayi tiyar gero da yawa ba. Mai sa'a ƙwarai shi ne wanda ya samu mundayen tagulla ko ƴan riyalan azurfa masu hoton sarauniyar Ostiriya. Su ma kada shekarar 1780 da ke jikinsu ta ruɗe ku, don duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan rasuwarta wannan shekarar aka riƙa sa masu. Kowane ɗaya giram 28 ne, kuma kuɗinsa bai wuce na azurfar da ke cikinsa da kaɗan ba. Kwabo mai huji da anini na zamanin Ingilishi kuwa miliyoyi aka buga, babu wani sinadarin ɓoye a cikinsu.

Mun ambaci sinadarin ɓoye da gangan. Lokaci-lokaci sai a ji ana neman tsohon keken ɗinki, ko dutsen guga mai zakara, ko tsohuwar fitila, wai akwai jar zaiba a ciki da Turawa ke saye da miliyoyi. A 2009 wannan jita-jita ta kama Saudiyya, har mutane suka riƙa sayen tsofaffin kekunan Singer da kuɗin mota. Babu wanda ya taɓa fito da jar zaibar nan ya nuna. Yadda wasan ke tafiya shi ne: wani baƙo ya zo yana neman abin da tsada, ya tafi, abokinsa ya zo yana saidawa da rabin kuɗin, kai ka saya don ka saida wa na farko, daga nan lambar wayarsu ta daina shiga. Ɗan uwan wannan shi ne mai cewa ya ga tukunya a gidanka cikin istihara, amma sai an sayi turaren jikka ɗari biyu da baƙin bunsuru kafin aljanin ya sake ta. In ya san inda take, me ya hana shi tonowa a gidansu?

Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta tarihi. A Bura, cikin gundumar Tera, an gano wata tsohuwar makabarta a 1975, kuma a 1983 masanin nan Bube Gado na jami'ar Yamai ya tone ta bisa ƙa'ida, ya fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu, har da mahayin doki da ya yi suna a duniya. Bayan an nuna kayan a Faransa a 1993, dillalai suka buɗe ido, aka bi wuraren da diga aka rugurguza mafi yawansu. Talakan da ya tona ya karɓi ƴan jikkuna, kayan suka ƙare a shagunan Turai. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura, da na Nok da Sakkwato da Katsina, cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Ku kwatanta da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda tonon masana na 1992 ya fito da ƴan kunnen zinariya da tasoshin ƙarfe da suka zo tun daga gabas. Da yake an rubuta inda kowane abu yake kwance da abin da ke kusa da shi, an gane cewa sarakunan ƙasar Hausa na hulɗa da duniya mai nisa ɗaruruwan shekaru kafin Bature. Da ɓarayin dare ne suka riga isa, da an narka ƴan kunnen an auna a giram, shi ke nan.

Dutsen sama

Wani sabon reshe na wannan biɗa ya ɓullo. A ranar 16 ga Yuli 2025, gidan gwanjo na Sotheby's a birnin New York ya saida wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a kan dala miliyan 5.3, wato kusan miliyar 3 na sefa. An tsince shi a jihar Agadas a Nuwamba 2023, kuma masana sun tabbatar daga duniyar Mirriku ya faɗo. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu da masu daraja daga ƙasar. Ba shi ne na farko a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba: a Oktoba 1962 wani mai kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami ta ƙasar Katsina, shi ma daga Mirriku. Tun da labarin gwanjon ya bazu, ana ta kawo mana baƙaƙen duwatsu a leda har cikin situdiyo. Dukkan waɗanda muka gani sun fi kama da tama ko kashin maƙera, kuma ba mu da na'urar tantancewa. Sai ɗakin binciken masana ke iya yanke hukunci.

Rai da lafiya

Wanda ya bar na'ura ya shiga rami ya shiga wani babi. A ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramuka suka rufta a mahaƙar Ɗan Isa ta gundumar Madarunfa, ƴan watanni bayan gano ta. Ƙidayar farko ta ce mutum 18, daga baya adadin ya ƙaru, kuma hukuma ta rufe wurin. A Kuri Bugudi, faɗa tsakanin masu haƙa a watan Mayu 2022 ya ci kusan mutum 100 bisa faɗar gwamnatin Cadi. Ba a maganar ƴan fashin hanya da motar da ta lalace a inda babu rijiya.

Akwai kuma kisan da ba ya ƙara. A 2010 likitocin MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta, Ƴargalma da Bagega. Dutsen da ake kawowa gida ana dakawa cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi turmi da tabarma, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Kusan yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Don Allah, wanda ya dawo daga mahaƙa kada ya shigo da dutse ko buhunan aiki cikin gida, kada a daka dutse a turmin abinci, kuma tufafin aiki a wanke su nesa da yara. Zaibar da ake kama garin zinariya da ita, in an ƙona ta hayaƙinta ke shiga ƙwaƙwalwa, shi ke kawo rawar hannu da mantuwa bayan shekaru. Ƙurar dutse kuma tana cinye huhu a hankali. Wanda ya dawo da tarin da ya wuce mako biyu, a kai shi likita a gwada, kuma ya faɗa wa ma'aikacin lafiya aikin da ya yi, don hakan na sauya irin gwajin da za a yi mashi.

Doka da shari'a

A dokar Nijar, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na ma'adini mallakar ƙasa ne, ko da gonar ta gado ce. Haƙa, ko ta hannu, tana buƙatar izini daga ma'aikatar ma'adinai. Kayan tarihi kuma dokar 1997 ta kare su: tono ba izini laifi ne, fitar da su waje laifi ne, kuma wanda ya ci karo da su yana noma ko gini, abin da ake so ya sanar da hukuma.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan. Dukiyar da mutanen kafin Musulunci suka binne ana kiranta rikazi, ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar nan take, saura kuma in ƙasar tana da mai ita, nashi ne, ba na mai na'ura ba. Wadda ke da alamar ta Musulmi ce hukuncinta na tsintuwa ne, sai an yi cigiya shekara guda. Zinariyar da aka haƙo da wahala ana fitar mata da zakka, ɗaya cikin arba'in, da zarar ta kai nisabi, wajen giram 85, ba a jiran shekara. Dunƙulen da aka tsinta tsantsa ba tare da wani aiki ba kuwa, shi ma ɗaya cikin biyar ne. Tone kabarin Musulmi don neman dukiya, wannan babu malamin da zai ba ka hanya. Mai shari'a ta musamman ya je wurin malaminsa da bayanin yadda abin ya faru.

Wani zai ce ai Turawa ma suna yi. Suna yi, har da ƙungiyoyi da mujallu, amma dubi yadda suka tsara. A Ingila dokar 1996 ta ba mai tsintuwa kwana 14 ya kai rahoto. A 2009 wani mai na'ura, Terry Herbert, ya gano kusan kilo 5 na tsohuwar zinariya a gonar wani manomi a Staffordshire. Ya sanar, masana suka tona, gidajen tarihi suka saya a kan fam miliyan 3 da dubu 285, aka raba biyu tsakaninsa da mai gonar. Wasu biyu da suka ɓoye tasu tsintuwar suka saida a asirce, a 2019 kotu ta ɗaure su shekaru. Kuma yawancin masu yi can nishaɗin ƙarshen mako ne, bayan albashi ya shigo. A ganinmu wannan ne gurbin da ke gare mu: muddin mai gaskiya bai san abin da zai samu in ya kai rahoto ba, dillali zai ci gaba da riga hukuma isa.

Ga ƴan uwa na waje

Ku ne ake kira in za a haɗa kuɗin tafiya, don haka ku ke da bakin tambaya. Wa zai riƙe na'urar, kuma ya taɓa aiki da irinta? A ina za a saye ta, akwai takardar saye da lambar da za a tantance wurin kamfanin? Wane wuri za a je, buɗe yake ko hukuma ta rufe? Yaya rabon yake, kuma wa ya shaida? Kuɗin dawowa yana hannun wa in ba a samu komai ba? In amsa ta zama "kai dai aiko, Allah na nan", to Allah na nan, amma a bar takardar gona da shanun huɗa a inda suke. Wanda ya saida rago ya tafi ya dawo hannu wofi, damina ɗaya ta isa ya miƙe. Wanda ya jinginar da fadama a Maggiya, mun ga gidajen da shekara biyar ba su fanso ta ba.

Wanda kuma garmarsa ta tono tukunya, ƙasusuwa ko wani abin da bai gane ba, ya bar shi yadda yake, kada ya wanke ko ya fasa, ya ɗauki hoto da waya in da hali, ya rufe da ƙasa, ya gaya wa maigari, shi kuma ya kai maganar ga magajin gari ko ofishin al'adu na gunduma. A shirinmu na mako mai zuwa za mu buɗe layi ga waɗanda suka je Jado, Tabarkat ko Ɗan Isa suka dawo, wanda ya samu da wanda bai samu ba, kuma wanda ba ya so a faɗi sunansa ba za mu faɗa ba.